SANSANIN GWAJIN SAMARI 'YAN BESBOL A AMURKA

Kowace shekara, da zarar makarantun Amurka sun tashi babban hutu wajen watan Yuni, sai manyan hanyoyin mota su cika da wasu irin matafiya. Uba yana gaba yana tuƙi, uwa tana gefensa da kwandon guzuri, saurayi ɗan shekara 16 yana baya, ya rungume doguwar jaka mai kulake da safar hannu ta fata a ciki. Wasu sun nufi Jojiya, wasu Fulorida, wasu Arizona, tafiyar yini guda ko biyu. Abin da ya fito da su shi ne su kai yaron nan wani fili inda malaman wasa na jami'o'i za su zauna da takarda da agogo, su dube shi yana gudu, yana jifa, yana bugu, sa'an nan su yanke shawara ko ya isa a kira shi ko bai isa ba. Wannan taro shi mu ke kira sansanin gwaji, labarinsa kuwa mu ke so mu ba masu karatu yau, gama al'amari ne da ya haɗa wasa da ilmi da kuɗi, har da lafiyar jikin yara, kuma iyaye da yawa sun faɗa cikinsa ba su san zurfinsa ba sai da ruwa ya kai musu wuya.

Kafin mu shiga sansanin, ya kamata mu ɗan bayyana wasan kansa. Besbol ɗan'uwan kurket ne na Ingilishi. Mutum 9 ke gefe guda. Tsakiyar filin kusurwa huɗu gare ta, a kowace kusurwa akwai tasha, tsakanin tasha da tasha kuwa ƙafa 90. Majefi ya kan tsaya bisa wani ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga tashar da a ke kira gida, ya wurgo ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi lemo girma ba, nauyinta oza 5 da 'yar ɗoriya. Mabugi yana tsaye a gida da kulki. In ya sami ƙwallon nan ya make ta, sai ya yar da kulki ya sheƙa, ya bi tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya; in ya komo gida ba a fid da shi ba, to, an ci ɗaya. Bayan mabugi akwai mai cafe a tsugune, ya sa abin kare fuska da ƙirji, sauran bakwai kuma sun watsu cikin fili suna tsaron ƙwallo. Iyakar abin da mai karatu ke bukata ke nan domin ya bi mu.

HANYA TA BI TA MAKARANTA

Manyan kulob na ƙwararru, waɗanda ke biyan albashi mai kauri, guda 30 ne. Tun 1965 suka shirya wata ƙa'ida ta zaɓen sababbin 'yan wasa sau ɗaya a shekara, kulob ya zaɓi ɗaya, na biye ya zaɓi ɗaya, har a zago. Wanda aka fara zaɓa a wannan shekara, Rick Monday, ɗalibin jami'ar jihar Arizona ne. Da can a kan zaga sau 40, sabo da haka yaro da ya gama sakandare yana iya sa rai a ambaci sunansa ko da can ƙarshe ne. Amma tun 2021 aka mai da zagayen 20, a wannan shekara kuma aka rage ƙananan kulob na renon 'yan wasa daga 160 zuwa 120. Da ƙofar nan ta ƙuntata sai jama'a suka ƙara karkata wajen jami'a, inda yaro zai yi shekara uku ko huɗu yana karatu yana wasa, in Allah ya ɗaga shi a zaɓe shi daga can, in kuwa bai samu ba ya fita da takardar digiri.

Wasannin yawancin jami'o'in nan suna ƙarƙashin wata hukuma da a ke kira NCAA, wadda aka kafa cikin 1906, tun 1973 kuma ta kasa makarantunta rukuni uku. Rukuni na ɗaya shi ne na manya, jami'o'i kimanin 300 ke wasan besbol a cikinsa. Su kan fara kakar wasa tsakiyar Fabrairu, cikin Yuni kuma guda 8 da suka rage su haɗu a birnin Omaha na jihar Nebraska a fid da gwani. An fara wannan gasa cikin 1947, ta koma Omaha cikin 1950, can ta ke har yau. George Bush babba, wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, ya yi wa jami'ar Yale wasa a karo biyu na farko, duka biyun kuwa aka cinye su a wasan ƙarshe. Omaha ɗin nan ita ce mafarkin kowane yaro da ke bayan motar da muka ambata.

Sai dai lissafi ba ya jin mafarki. Samari wajen 480,000 ke wasan besbol a makarantun sakandaren Amurka. Bisa ƙididdigar hukumar nan, waɗanda ke samun shiga ƙungiyar wata jami'a tata, a rukunin nan uku duka, ba su wuce 7 ko 8 cikin 100 ba, masu shiga rukuni na ɗaya kuwa ba su kai 3 cikin 100 ba. Kowace jami'a kuma malaman wasanta 'yan kaɗan ne, ba su da ikon su zaga dubban makarantu, ga shi lokacin da yaran sakandare ke wasa su ma suna fama da nasu. Tun da dutse ba ya zuwa wurin mutum, sai aka ƙago hanyar da za a tara yaran wuri ɗaya.

Sansanin nan iri-iri ne. Akwai wanda jami'a ke shiryawa a filinta, yini ɗaya ko biyu, malamanta su ne masu dubawa, wani lokaci su gayyato na ƙananan makarantu su taya su. Dokar hukumar ta ce irin wannan sansani tilas ya zama a buɗe ga duk wanda ya biya, ba a tsame kowa sai ta wajen shekaru ko aji ko yawan da fili zai ɗauka, ba a kuma yafe wa gwani kuɗin shiga domin a jawo shi. Akwai na 'yan kasuwa, watau kamfanonin da sana'arsu ke nan, su tara yara ɗari biyu ko uku, su auna su, su buga sakamako a intanet inda kowane malamin wasa zai gani. Mafi suna a cikinsu shi ne Perfect Game, wanda wani mutum Jerry Ford ya kafa cikin 1995 a garin Cedar Rapids na jihar Iowa. Gasar da ya ke yi cikin Oktoba a garin Jupiter na Fulorida ta kan tara masu neman 'yan wasa har su riƙa yawo tsakanin filaye cikin 'yan ƙananan motocin nan na wasan golf. Sa'an nan akwai na gayya, kamar wanda a ke kira Area Code Games, da aka fara a Kalifoniya cikin 1987, inda wakilan manyan kulob ke zaɓo yara da kansu, ba a karɓar kuɗin shiga. Wannan shi ne na 'yan gata, amma sai wanda aka kira.

YINI GUDA A FILI

Tun da sassafe a ke layi. A rubuta sunan yaro da ajinsa da tsawonsa da nauyinsa, a ba shi riga mai lamba. Daga nan har yamma ba mai kiran sunansa, lambar nan ita ce shi. Wanda ya taɓa zuwa kara ranar kasuwa ya ga yadda dillalai ke buɗe bakin doki suna duban haƙori, su ɗaga ƙafa su duba kofato, su sa a sukwane shi su ga tafiyarsa, to, ba zai yi baƙunta a wurin nan ba.

Abu na farko gudu ne, yadi 60, biyu-biyu, malamai na tsaye a ƙarshe da agogo. Ba da ka aka zaɓi yadi 60 ba: ƙafa 180 ke nan, watau nisan tasha biyu. Wanda ya yi shi ƙasa da sakan 7 an ce yana da gudu. Wanda ya yi shi cikin 6.6 sai ka ga kawuna sun sunkuya ana rubutu. Wanda ya yi 7.5 kuwa, in ba mai cafe ba ne ko ƙaton mabugi, ya riga ya faɗi daga takardun mutane da yawa tun rana ba ta yi zafi ba. Mai karatu ya duba fa, rabin sakan ne tsakani, abin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma a kansa uba ya tuƙo mota mil ɗari biyar.

Daga nan sai jifa. Masu tsaron bayan fili su tsaya can gefen dama, a bugo musu ƙwallo huɗu ko biyar, su wurga zuwa tasha ta uku da gida, a ga ƙarfin dantse da saiti. Masu tsaron cikin fili su tare wadda ke gangarowa a ƙasa su cilla tasha ta ɗaya. Mai cafe kuwa nasa awon dabam ne: daga lokacin da ƙwallo ta faɗa safarsa har ta isa hannun wanda ke tasha ta biyu, nisan ƙafa 127, ana so ya yi cikin sakan 2 ko ƙasa. Sa'an nan kowa ya shiga keji a jefo masa ƙwallo kamar 8 ko 10 ya buga, wata na'ura tana auna saurin da ƙwallon ke barin kulki. Bugu goma! Yaron da ya yi shekara goma yana koyon abin nan, da bugu goma za a yi masa hukunci. In hannunsa ya yi rawa a uku na farko, sauran bakwai ba su cika gyara masa suna ba.

Amma sarautar wurin ta majefa ce. Da zarar majefi ya hau tudu sai ka ga malamai sun taru bayan raga, kowa ya ɗaga wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga ya auna shi. Asalinta ta 'yan sanda ce, ta kama direbobi masu gudun wuce ƙa'ida. Wani malamin wasa na jami'ar jihar Michigan, Danny Litwhiler, shi ya ga ta dace da awon jifa cikin shekarun 1970, ya sa aka ƙera wadda za a riƙe a hannu. Tun daga ran nan magana ta ƙare tsakanin masu cewa wane ya fi wane ƙarfin jifa, lamba ce ke magana. Lambar da kowa ke nema kuwa ita ce mil 90 a sa'a. Ƙwallon da ta fita da wannan sauri ta kan isa wurin mabugi ba a yi rabin sakan ba. Yaron da ya taɓa 90 ko sau ɗaya ne, kafin ya sauko daga tudu labarinsa ya zaga fili. Wanda ya tsaya a 82, ko da ya iya saiti kamar maharbi, sai ya yi da gaske kafin manya su waiwaye shi, sai fa in bahago ne, gama bahagon majefi yana da tsada ko'ina. Yanzu har akwai na'urori masu ƙirga sau nawa ƙwallo ke juyawa a iska kafin ta iso.

Bayan azahar a kasa su ƙungiya-ƙungiya a yi wasa na sosai, amma a gaggauce. Majefi ya fuskanci mutum biyar ko shida ya sauka, mabugi ya samu shiga sau biyu ko uku. Tsofaffin malamai su kan ce a nan su ke ganin abin da agogo ba ya nunawa: yadda yaro ke yi in ya kuskure, ko ya kan yi gudu da gaske a kan bugun da ya san bai yi kyau ba, yadda ya ke amsa wa babba. Su kan kuma saci kallon rumfar iyaye. Uban da ke daka wa alƙalin wasa tsawa, da yaron da ya miƙa wa uwarsa jaka ta ɗauka shi yana tafe hannu sake, duk suna shiga takarda, ko da ya ke ba wanda zai gaya musu.

MAGANAR KUƊI

To, me a ke nema da duk wannan wahala? Yawancin iyaye za su ce sukolashif, watau a ɗauke musu kuɗin makaranta. Karatun jami'a a Amurka ba wasa ba ne, akwai masu zaman kansu da kuɗinsu na shekara, da kwana da abinci, ya haura dala 80,000. A nan ne kuwa mutane da yawa suka yi cinikin biri a sama. Cikin 1991 hukumar ta rage yawan sukolashif da jami'ar rukuni na ɗaya za ta iya bayarwa a besbol daga 13 zuwa 11.7, haka kuwa ya zauna shekara 30 da ɗoriya. Shekaru da dama doka ta ce ƙungiya ba ta wuce yara 35, waɗanda za a raba wa kuɗin ba su wuce 27, kowannensu kuma kada a ba shi ƙasa da rubu'i. Mai karatu ya raba 11.7 gida 27 ya gani: ko rabi ba ya kai wa kowa, sauran 8 kuwa ko anini. Alhali kuwa a wancan lokaci 'yan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a manyan jami'o'i suna da 85, kowane cikakke. Rukuni na biyu 9 aka yardar musu, rukuni na uku ba sa ba da kome domin wasa, haka kuma tsofaffin jami'o'in nan irin su Harvard da Yale.

Bari mu yi misali. A ce kuɗin makaranta dala 40,000 ne a shekara, aka ba yaro rubu'i. An ɗauke 10,000, uba zai nemo 30,000, cikin shekara huɗu 120,000 ke nan. Kafin a kai nan kuwa ya riga ya yi shekara huɗu ko biyar yana biyan kuɗin ƙungiyar da ke yawo da yaron gari-gari lokacin hutu, da kuɗin sansani wanda kowane ɗaya ya kan ci daga dala ɗari da wani abu har zuwa ɗaruruwa, da mai, da masauki, da kulki wanda shi kaɗai ya kan kai dala ɗari uku ko huɗu. Mu dai a namu ganin, gida da yawa da sun tara abin da suka kashe wajen neman rubu'in nan, da ya fi rubu'in yawa.

Akwai kuma maganar takardar gayyata. Yaro ya buɗe wasiƙa ya ga tambarin babbar jami'a, an ambaci sunansa, an ce ana so a gan shi a sansani ran kaza. Gida ya ɗauki murna. Ba su sani ba irin wasiƙar nan dubbai aka aika, daga jerin sunayen da aka samo wurin masu shirya gasa. Dalili kuwa sansani hanyar samun kuɗi ce. Har zuwa Yulin 2023 doka ba ta yarda jami'ar rukuni na ɗaya ta biya mataimakin malami na uku albashi ba, sunansa ɗan sa kai, abincinsa kuwa yawanci daga kuɗin sansanin nan ya ke fitowa. Ba mu ce yaudara ce ba, gama ana ɗaukar yara daga sansanin jami'a kowace shekara, zuwa da kai kuma ya fi aike. Amma cikin yara ɗari da hamsin da suka biya, sau da yawa waɗanda malamai suka zo dubawa ba su wuce goma ba, sun kuwa san su tun kafin ranar. Alamar da masu wayo ke dubawa ita ce ko malamin ya buga waya da kansa, ko ya nemi takardar sakamakon jarrabawa, ko ya tambayi malamin makarantar yaron labarinsa.

ALKAWARIN BAKA

Sakandaren Amurka shekara huɗu ce. Da can gasa ta sa manyan jami'o'i suna riga-rigen kama yara tun suna shekarar farko, wasu ma tun ba su shiga ba, 'yan shekara 13 ko 14, muryarsu ba ta gama buɗewa ba. Malami ya ce mun ba ka wuri, yaro ya ce na karɓa, a buga a intanet, dangi su yi ta barka. Amma alkawarin baka ne, ba ya ɗaure kowa. In yaron bai yi tsawon da aka zata ba, ko malamin ya bar aiki wani ya zo, sai a kira shi ana saura 'yan watanni a ce ya nemi wani wuri, alhali sauran makarantu sun daɗe da cika. Cikin Afrilu 2023 hukumar ta hana wannan. Yanzu malamin rukuni na ɗaya ba shi da ikon magana da yaro ko iyayensa a kan ɗauka, ko da ta bakin wani ne, sai ran 1 ga Agusta kafin yaron ya shiga shekara ta uku. Ƙaramin yaro yana iya zuwa sansani a koya masa, a dube shi, amma ba a yi masa tayi. Sa hannu a takarda kuwa sai Nuwamba ta shekarar ƙarshe.

Ba a gama sabawa da wannan ba sai ga wata babbar canji. Wasu 'yan wasa sun kai hukumar ƙara a kan an hana su cin moriyar sunansu, aka yi sulhu, ran 6 ga Yuni 2025 wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da shi. Aka soke 11.7 ga jami'o'in da suka shiga sulhun, aka ce suna iya ba kowane yaro cikakken sukolashif in suna da hali, har su biya shi kuɗi a hannu. Sai dai an ƙayyade ƙungiya kada ta wuce yara 34, alhali a 'yan shekarun nan an bar su su kai 40. Jami'a mai arziki ta ƙara kuɗi, marar arziki ta tsaya inda ta ke, gama izni aka bayar, ba tilas ba. Wurare kuwa suka ragu, yara da dama da ke riƙe da alkawari aka ce musu su yi haƙuri tun ma kafin alƙaliya ta sa hannu.

Daɗin daɗawa, tun 2021 ɗan wasa yana iya barin jami'arsa ya koma wata ya ci gaba da wasa nan take, ba sai ya zauna shekara guda ba kamar da. Paul Skenes ya yi shekara biyu a makarantar mayaƙan sama, ya koma jami'ar jihar Louisiana, suka ci Omaha cikin 2023, aka kuma zaɓe shi na ɗaya a duk ƙasar. Malamin da ke tsoron a kore shi in bai ci ba, in aka ajiye masa ɗan shekara 21 da ya riga ya gwada kansa da ɗan shekara 18 da bai taɓa barin gida ba, mai karatu ya san wanda zai ɗauka.

Abin da ya fi damun likitoci kuwa gwiwar hannun majefa ce. Cikin 1974 wani likita a Los Angeles, Frank Jobe, ya yi wa majefi Tommy John aiki, ya ɗebo jijiya daga wani wuri a jikinsa ya maye wadda ta tsinke a gwiwar hannu, mutumin ya komo wasa cikin 1976 ya yi ta yi har 1989. Aikin nan da aka ƙago domin ƙwararru, yau ana yi wa 'yan sakandare shi da yawa, jinyarsa kuwa shekara guda ce ko fi. Likitocin da suka bi diddigin abin a birnin Birmingham na jihar Alabama sun sami cewa yaran da aka yi wa aiki sun fi sauran yawan jifa, da yawan watannin wasa, da yawan zuwa wuraren gwajin nan. Ba abin mamaki ba ne. Yaro ya yi wata biyu bai taɓa ƙwallo ba, a kira sansani tsakiyar hunturu, ya hau tudu ya ga bindigogi ashirin sun auna shi, sai ya zage iyakar ƙarfinsa. Cikin 2014 manyan kulob da hukumar besbol ta ƙasar suka fid da shawara cewa ɗan shekara 17 ko 18 kada ya wuce jifa 105 a yini, in ya yi mai yawa ya huta kwana 4, a shekara kuma ya ajiye jifar gasa wata 4. Amma shawara ce, ba kuwa wanda ke bin yaro daga wannan sansani zuwa wancan yana ƙirga masa.

Ɗan talaka fa? Cikin 1991 baƙaƙen fatar Amurka sun kai 18 cikin 100 na 'yan wasan manyan kulob, cikin 2024 sun komo wajen 6. A wasan ƙarshe na ƙwararru na 2022, tsakanin Houston da Philadelphia, ba ko ɗaya a cikin 'yan wasan da ya ke baƙar fata haifaffen Amurka, abin da ba a gani ba tun 1950, shekara uku bayan Jackie Robinson ya buɗe ƙofar. Dalilai suna da yawa, amma kuɗi na gaba-gaba. Andrew McCutchen, wanda ya zama gwanin shekara a rukuninsa cikin 2013, ya rubuta cikin 2015 cewa iyayensa ba su da halin kai shi inda za a gan shi, wasu mutane ne suka ɗauki nauyinsa. Yaro mai gudu da ƙarfi daga gidan da ba hali, in ƙwallon ƙafa ta ce za ta ɗauke masa kuɗin makaranta duka, besbol ta ce rubu'i, ba sai an yi masa duba ba. Manyan kulob sun buɗe makarantar koyon wasa kyauta a Compton ta Kalifoniya cikin 2006, suna kuma shirya nasu sansani na gayya domin irin yaran nan, amma ɗigo ne a bakin tulu.

Abin da iyaye ba su cika kula da shi ba, shi ne kuwa malamai ke fara tambaya, littafi ne. Kafin yaro ya yi wasa a rukuni na ɗaya sai ya ci darussa 16 da aka ƙayyade, da maki 2.3 cikin 4 ko fi. Mai maki da yawa yana iya samun taimakon makaranta ta wajen ilmi, wanda sau da yawa ya fi na wasa kauri, malamin wasa kuma ya so haka, gama ya sami ɗan wasa bai taɓa asusunsa ba. Wanda manya suka tsallake kuma yana da kwalejojin shekara biyu, masu araha, inda a ke wasa mai zafi. Daga irinsu Albert Pujols ya fito, a wata kwaleji ta Kansas City. Sai da aka zaɓi mutum 401 cikin 1999 kafin a kira sunansa, ya kuwa bar wasa cikin 2022 bayan ya fid da ƙwallo bayan shinge sau 703. Stephen Strasburg ma da ya gama sakandare cikin 2006 ba kulob ɗin da ya zaɓe shi, ana ganin ya yi ƙiba. Ya shiga jami'ar jihar da ke garinsu San Diego, bayan shekara uku shi aka fara zaɓa. Masu shirya sansani suna son ba da labarin mutanen nan biyu, ba sa dai cika faɗin yawan waɗanda aka tsallake aka kuma yi daidai ba.

Wajen la'asar sakaliya babban malami ya kan tara yaran a tsakiyar fili, su durƙusa da gwiwa ɗaya, ya gode musu, ya ce su kula da karatu, su gode wa iyayen da suka kawo su. A wasu wurare a ba kowa 'yar takarda mai lambobinsa: gudu kaza, jifa kaza, bugu kaza. Ana watsewa sai ka ga wani mataimaki ya ratso taro ya dafa kafaɗar yaro ɗaya, ya ce shi da mahaifinsa su ɗan dakata a zaga da su a nuna musu makaranta. Sauran su bi su da kallo, su saɓa jaka su nufi wurin ajiye motoci. Uba ya karɓi takardar ya duba, ya ninke ta ya sa aljihu, uwa ta miƙa wa yaron ruwa. Da yawansu akwai wani sansanin ran Asabar mai zuwa a wata jiha, an kuwa riga an biya kuɗinsa.